'Yar Shugaban Ƙasa da Matan Kekun Waje

Zamfara na cikin jihohi ƙalilan da suka taɓa ganin 'yar shugaban ƙasa a gidan gwamnatinsu. A zamanin Alhaji Mahmuda Aliyu Shinkafi, wanda ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2011, aka ɗaura masa aure da Hajiya Aisha, 'yar fari ga Janar Ibrahim Badamasi Babangida. A ɗan tsakanin nan Kebbi da Bauchi ma suka yi irin wannan biki: Sa'idu Ɗakingari ya auri Zainab, Malam Isa Yuguda ya auri Nafisa, dukansu 'ya'yan Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Da Shinkafi da Yuguda suka bar ANPP suka koma PDP, masu hira a majalisun Gusau ba su sha wahalar haɗa auren da sauya sheƙar ba, ko da gaskiyarsu ko babu. Abin da ya fi damuna da irin wannan hira shi ne yadda take mayar da matan tamkar tukuicin siyasa, alhali aƙalla ɗaya daga cikinsu, wato Aisha Babangida, ta shafe shekaru tana kiran kanta mai yi wa matan karkara hidima. Wanda ya ce yana yi wa matan karkara aiki kuwa, a karkara ya kamata a auna shi, a wuri irin Kekun Waje da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, ba a ɗakin taro na Abuja ba.

An haifi Aisha a 1970. Tana da shekara 15 mahaifinta ya karɓi mulki ran 27 ga Agusta 1985, ya kuma zama sojan farko a Najeriya da ya kira kansa shugaban ƙasa kai tsaye. Amma gadon da ta ɗauka a bainar jama'a na mahaifiyarta ne. A watan Satumban 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin Better Life na kyautata rayuwar matan karkara. Kafin nan matar shugaba a Najeriya takan yanke kyallen buɗe asibiti, ta kai ziyara gidan marayu, ta koma gida. Maryam ta mayar da abin ofis mai ma'aikata da rassa: matar gwamnan soja ita ce shugabar shirin a jiha, matar shugaban ƙaramar hukuma ita ce a ƙasa. Aka kafa ƙungiyoyin gama-kai, da cibiyoyin koyon sana'a, da ajin yaƙi da jahilci, aka yi ta baje kolin kayan da mata suka saƙa ko suka sarrafa. Lokacin Zamfara tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro ta, don haka abin da ya iso Gusau da Bunguɗu da Tsafe daga shirin sai da ya biyo ta Sakkwato.

Zalunci ne a ce shirin bai tsinana komai ba.  A 1989 aka kafa Hukumar Mata ta Ƙasa, wadda ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1995. A 1989 ɗin kuma aka buɗe Bankin Al'umma, wanda Tai Solarin ya shugabanci hukumarsa, don ba talaka rance ba tare da jingina ba. A 1991 Maryam ta raba lambar yabo ta yaƙi da yunwa a Afirka da Wangari Maathai ta Kenya. Cibiyar bunƙasa mata da ke Abuja, wadda yanzu take ɗauke da sunanta, tana nan tsaye.

Sai dai duk wannan ya zo ne a daidai shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 yake cin talaka. Naira ta faɗi, tallafi ya janye, masaƙu irin ta Gusau suka fara tangal-tangal. Hannun dama yana ƙwace abin da ya fi wanda hannun hagu ke miƙawa. Masu suka suka riƙa yi wa shirin ba'a cewa rayuwa ta kyautatu ƙwarai, amma ta matan manya. A 1995 Farfesa Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna, ta rubuta wata maƙala da har yau ake karantawa a jami'o'i, inda ta bambanta gwagwarmayar mata ta gaskiya da mulkin matan masu mulki, waɗanda ƙarfinsu daga aure yake, ba daga zaɓe ko daga ƙungiyoyin mata ba. Abin da ya biyo baya ya ba ta gaskiya. Babangida na sauka a watan Agustan 1993, shirin ya yi sanyi. Maryam Abacha ta kawo nata na tallafa wa iyali a 1994, ta ƙara da wani na rance a 1997. A 2000 aka haɗe Bankin Al'umma da wannan shirin rancen da bankin manoma aka yi abu guda, wanda a yau ake kira Bankin Noma. Kowace uwargida da sunan shirinta, da tambarinta, da atamfar da aka buga hotonta a jiki. Tsarin mulkin 1999 bai san ofishin uwargidan shugaban ƙasa ba, bai san na uwargidan gwamna ba, balle na 'ya. Abin da doka ba ta kafa ba kuwa, majalisa ba ta bin diddigin kuɗinsa, kuma wanda ya gaji kujera ba dole ne ya gaje shi ba.

Maryam Babangida ta rasu a Los Anjalis ta Amurka ran 27 ga Disamba 2009, lokacin 'yarta tana matar gwamnan Zamfara. Aisha ta karɓi ragamar shirin, wanda ya riga ya koma ƙungiya mai zaman kanta, sunansa kuma ya faɗaɗa ya haɗa matan karkarar Afirka baki ɗaya. Daga baya ta kafa ƙaramin bankin Egwafin, sannan ta kafa wata ƙungiya mai suna WenA don haɗa mata masu sana'a da masu zuba jari. Hujjarta, wadda take maimaitawa a taruka, ita ce kyauta ba ta fid da mace daga talauci, jari ne ke fid da ita. Na yarda da rabin wannan magana. Ta kuma yi abin da 'ya'yan manya da yawa ba su yi ba, wato ta ci gaba da aikin bayan mahaifinta ya bar mulki da shekaru masu yawa, bayan kuma mijinta ya sha kaye a hannun Abdul'aziz Yari a 2011. Mai yi don idon gwamnati da tuni ta ajiye.

Rabin da ban yarda da shi ba, Kekun Waje ce ke bayyana shi. Macen irin wannan gari ba jahilar kasuwanci ba ce. Daga cikin gida take soya ƙuli-ƙuli, ta matse man gyaɗa, ta yi daddawa da awara, ta kiwata akuya da tunkiya, ta zuba adashi duk ranar kasuwa. Ta san riba, ta san faɗuwa, ta san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Abin da ke karya ta ba rashin horo ba ne. Gyaɗar da za ta matse sai an noma ta, gonar kuwa a sassa da yawa na Zamfara ba a shiga sai an biya 'yan bindiga kuɗin noma, a sake biya kafin girbi. Akuyar da take asusunta ana iya kore ta a dare ɗaya. Idan aka ɗauke miji ko ɗa, jarin nan shi ne farkon abin da zai tafi kuɗin fansa, da gadon ɗakinta da kwanukanta. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako-mako, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai. A wannan lokacin mai bashin banki da me za ta biya, ta wace waya kuma za a tura? Ƙaramin banki yana rayuwa ne da biyan mako-mako, da jami'in da zai hau babur ya zagaya ƙauyuka. Inda hanya ta zama abin tsoro, jami'in ba ya zuwa, bankin kuma ya tattara ya tsaya a birni. Ga kuma batun ruwa. A jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoban 1999, sau da yawa mace ba za ta taɓa rancen da aka ɗora wa riba ba, ko ita ta so, mijinta da malamin unguwa ba za su bari ba. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 ya nuna ana iya yi ba ruwa, amma irinsa bai sauka ƙasa inda mai jarin naira dubu ashirin take ba. Haka ayyukan manyan mata suke komawa inuwar giginya, na nesa ka sha.

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, mutum miliyan 133, suna cikin talaucin da ya haɗa rashin ilimi da lafiya da ruwa da tsaro, Zamfara kuma ta haura wannan matsakaicin. Ba wata gidauniya da za ta ɗauki wannan kaya. A 2010, Shinkafi yana kan mulki, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A tsakar gidaje ake daka duwatsun, a turmin da mata ke surfe. Ƙungiyar likitocin duniya ta MSF ce ta gano abin, ita ta kwana a kansa shekara da shekaru. Idan ana neman abin da ya shafi matar karkara a Zamfara kai tsaye, da wuya a sami wanda ya kai wannan.

Akwai tambayar da mutane ke kauce wa a gaban manya, su yi ta a bayan ido: shin ana kama 'ya da laifin uba? Addini ya riga ya amsa, ba a kamawa. Aisha ba ita ta soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 ba, wanda mahaifinta da kansa ya amsa a littafinsa na 2025 cewa Abiola ne ya ci. Amma wanda bai gaji laifi ba yana iya gadon amfani. Sunan da ke buɗe mata ƙofar gwamna da ta attajiri, a ofishin jama'a aka gina shi, da dukiyar jama'a. Don haka jama'a na da haƙƙin tambaya: daga ina kuɗin gidauniya ke fitowa, nawa ya shigo, mata nawa suka amfana, a wane gari? A ranar ƙaddamar da littafin nan a Abuja attajirai suka yi alkawarin biliyoyin naira don gina ɗakin karatu da sunan Janar. Sunan yana da ƙarfin tara kuɗi a wuni ɗaya. Inda ake juya wannan ƙarfi shi ne abin dubawa. Mun kuma ga yadda layin ke ɓacewa tsakanin na gida da na gwamnati: a watan Janairun 2020 Hanan, 'yar Shugaba Buhari, ta hau jirgin fadar shugaban ƙasa zuwa Bauchi don ɗaukar hotunan hawa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, fadar ta ce iyalin shugaba suna da wannan dama. A Angola abin ya wuce hawa jirgi, domin a 2016 Shugaba dos Santos ya ɗora 'yarsa Isabel a kan kamfanin man ƙasar, magajinsa ya cire ta a 2017, shari'o'i suka biyo baya.

Wasu 'ya'yan sun bi wata hanyar. Iyabo, 'yar Shugaba Obasanjo, likitar dabbobi, ta yi kwamishinar lafiya a Ogun, ta zama sanata a 2007. A 2008 EFCC ta gurfanar da ita kan kuɗin Ma'aikatar Lafiya, zargin da ta musanta, a 2011 kuma masu zaɓe suka kayar da ita. Duk abin da za a ce a kanta, ta tsaya inda ƙuri'a da kotu za su iya kai mata. Aisha Muhammed-Oyebode kuwa, 'yar Janar Murtala, tana yarinya aka kashe mahaifinta ran 13 ga Fabrairu 1976, ba ta ci moriyar fada ba sai ta wata shida. Lauya ce, ita ke jan gidauniyar da ke ɗauke da sunansa, kuma da aka sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014 tana cikin waɗanda suka fito suka matsa wa gwamnati, daga baya ta tattara bayanan iyayen yaran a littafi. Wannan ya fi burge ni, domin ta kashe sunan gidansu a wurin da zai ɓata wa masu mulki rai. Da aka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar 'yan mata ta Jangebe ran 26 ga Fabrairu 2021, da kuma lokacin da aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunansu a Sabon Gida a watan Satumban 2023, irin wannan murya Zamfara ta buƙata daga gidajen da ake ɗaga musu waya.

Amma ba sai mun je nesa neman ma'auni ba, domin ƙasar nan ta riga ta yi 'yar shugaba wadda ta warware wannan matsala tun kafin a san mota. An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a 1793, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da mutuwar 'yan'uwa. Ta zama 'yar Amirul Muminina, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Gata dai ba wadda ta kai ta. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma zaɓen harshen ba na ado ba ne: Larabci don malamai, Hausa don matar da ba ta taɓa riƙe allo ba.

Matsalar da ta fuskanta ita ce tamu ta yau. Matan da take son kaiwa gare su suna warwatse a ƙauyuka, yawancinsu matan aure ne da ba sa fita, hanyoyi ba aminci, yaƙi bai ƙare ba, da yawa kuma bayi ne da aka kamo, waɗanda bori suka sani. Ba ta ce su zo fada a raba musu kaya ba. Wajen shekarun 1830 ta kafa tsarin 'Yan Taru. A kowane yanki takan zaɓi dattijuwa mai mutunci da hankali, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle. Malfar nan alamar Innar Gobir ce, shugabar bori, Asma'u ta ɗauko abin da mata suka riga suka sani suna girmamawa ta sauya masa aiki. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan matan da ba su kai aure ba, su taka a ƙasa zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tsarki da salla da tarihin Annabi da zaman tare, su koma su shiga gida-gida su koyar da waɗanda ba sa fita. Kuma ba hannu sake suke zuwa ba. Sukan kawo hatsi da zuma da man shanu da zare, a raba wa makafi da marasa lafiya da gajiyayyu. Wato matar ƙauye ita ce mai bayarwa a wannan tsari, ba mai layin karɓa ba. Da jajinta ta rasu, Asma'u takan yi mata marsiyya da sunanta, kamar yadda ta yi wa sarakuna.

Ta rasu a 1864, an binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, daular da ta haifi tsarin ta faɗi, tsarin bai faɗi ba. Jean Boyd, wadda ta zauna shekaru a Sakkwato ta rubuta tarihin Asma'u a 1989, ta tarar da jajoji suna aiki a ƙauyuka. Musulmi baƙaƙen fata a Pittsburgh ta Amurka ma sun kafa tasu 'Yan Taru. Ba na cewa zamaninta aljanna ne, akwai bauta, akwai garuruwa irin 'Yandoto kusa da Tsafe da jihadin ya rusa duk da malamansu. Amma a kan tambayar da muke yi, amsarta ta fi ta duk wani shiri da aka ƙaddamar da kiɗa tun 1987. Ba ta rataya aikin a kujerar ɗan'uwanta ba, ta rataya shi a wuyan matan da ke kwana a garin.

Ɗayar hanyar ɗorewa ita ce wakafi. Gimbiya Fatima, 'yar Khedive Isma'il na Masar, ta ba da fili da gonaki da gwala-gwalanta don gina jami'ar da ta zama Jami'ar Alƙahira, aka aza harsashi a 1914. Ta rasu a 1920, sarautar gidansu ta kife a 1952, jami'ar tana yaye ɗalibai. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi, don haka mai son aikinta ya wuce zamanin mijinta ko mahaifinta tana da inda za ta ajiye shi a rubuce, da sharuɗɗa, da masu sa ido.

Jajojin ma suna nan, sunansu ne ya canza. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Gusau ta mata ce zalla, duk shekara tana fitar da malamai. Kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe tana fitar da ma'aikatan asibitin karkara. Ga malaman Islamiyyar matan aure, ga ungozoma, ga uwar adashi da kowa ya yarda ya ba ta kuɗinsa ba takarda. Da yawansu 'yan asalin ƙauyukan ne, suna kuma son komawa. Abin da ke hana su shi ne albashin da ba ya isa ko ba ya zuwa, da rashin ɗakin kwana mai katanga, da rashin hanyar da za a bi daga Bunguɗu a dawo lafiya. Biyu na farko gidauniya mai suna irin ta Babangida za ta iya ɗauka a gari goma ko ashirin ba tare da ta ji a jikinta ba, in ta yarda ta rage taron otal. Hanyar kuwa aikin soja ne da 'yan sanda da Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024, kuma masu ba su umarni mutane ne da 'yar tsohon shugaban ƙasa ke iya shiga falonsu ba tare da an tsayar da ita a ƙofa ba.